Kunne Ɗaya, Ƙirji Biyu

Ku da kuke ta aiko min da saƙo kuna cewa "Jalisa, kin dace, saurayinki ya zama sarkin gari," ku gyara zama. Wadda take riƙe da kofin shayi ta ajiye shi, don ba zan biya kowa waya ba in ya kife mata a kai.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Jalisa Pickens, ina ajin ƙarshe a karatun jinya a jami'ar garinmu, Tatum, nan Mississippi. Abu biyu ake yi da gaske a Tatum: coci ranar Lahadi, ƙwallon Bijimai ranar Asabar. In kun matsa wa Fasto, shi da kansa zai gaya muku wanne ya fi cika. Saurayina Dontae Whitlow shekararsa uku a kulob ɗin Bijimai, na ƙwallon Amurka a jami'armu, a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallon nan da kowa yake jiran umarninsa a fili. Sai dai shi na uku ne a layi. Rigarsa ba ta taɓa sanin ciyawa ba. Mai wankin kayan kulob ma sai dai ya shinshina ta ya mayar masa.

Amma kada ku ce ba shi da aiki. Duk Asabar mutum uku suke tsayawa kusa da Koci a gefen fili, suna ta wulwula hannu, su shafa kai, su daki cinya, don su sanar da na cikin fili dabarar da za a buga. Ɗaya ne yake faɗar gaskiya. Biyun an ajiye su ne don su ruɗa abokan karawa. Dontae yana cikin biyun. Shekara uku yana zuba zufa yana ba da umarnin da aka hana kowa bi.

Babana, Curtis Pickens, shi ya raɗa masa suna Mai Ba Da Hannu.

"Jalisa, ga Mai Ba Da Hannunki can a ƙofa. Ki ce ya gyara mana motocin layin nan kafin ya tafi."

Baba yana ganin ya isa ya yi wa kowa ba'a saboda shi ma, a cewarsa, ya buga wa Bijimai a zamaninsa, gwiwa ce ta kashe masa gaba. Hotonsa yana nan a falo cikin rigar kulob, fara ƙal, ya rungume hular kwano. Gwiwar kuwa wani lokacin ta dama ce, wani lokacin ta hagu. Tana tashi ne in hadari ya haɗo, ko in Mama ta ce a fitar da shara.

To ni me ya riƙe ni wurin Mai Ba Da Hannu? Zan faɗa, ku yi dariyarku. A shekarar farko, bayan wani wasa da ruwa ya yi mana duka, ya rako ni gida a jiƙe, ya ce:

"Jay, kin san duk filin nan babu mai karanta hannuna?"

"Na sani mana. Ai aikin ke nan."

"To na ba ki shi. In kika ga na ja kunnena sau ɗaya, na ji ki ke nan. In na daki ƙirji sau biyu, kina nan ciki. Mutum dubu nawa ne za su gani, amma ke kaɗai za ki fahimta."

Ku faɗa min gaskiya, wace ce a cikinku ba za ta narke ba? Ni dai na narke. Duk Asabar sai ya juyo wajen da muke zama ya ja kunne ya daki ƙirji, ni kuma in miƙe tsaye in dafa nawa ƙirjin. Da wannan na rayu. Wata rana Mama ta kama ni ina yi. Ta dube ni, ta dubi gefen fili, ta ja wani dogon tsaki har sai da na gabanmu suka waigo. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran sunansa ba, sai "wancan yaron." Ta koma yi min tallar Wendell, ɗan dikon ɗin cocinmu, mai taimaka wa Fasto, wanda gidansu suke sana'ar shirya jana'iza.

"Sana'ar su Wendell ba ta da ranar hutu," in ji ta. "Kuma ba a ajiye mutum a benci."

Ana nan sai kwatabak na ɗaya ya gama karatu, na biyu ya yi fushi da Koci ya kwashe kayansa ya koma wata jami'a. Ranar Litinin Koci ya fito gaban 'yan jarida ya duba dama ya duba hagu, ya ce Dontae Whitlow ne zai ja ragamar Bijimai a kakar bana.

Jama'a, garin nan ya haukace.

Da safiyar Talata ina goge baki na ji muryar Baba tana fitowa ta wuri biyu, ta kicin da ta rediyo.

"Curtis ne daga Layin Coci. Ni na daɗe ina faɗa, yaron nan an danne shi ne! Hannunsa bindiga ne! Bana babu wanda zai ci mu. Delmont ma su fara kuka tun yanzu. Kuma ku rubuta ku ajiye, kofin gwarzon shekara a Tatum zai kwana."

Delmont su ne maƙwabtanmu da suke lallasa mu tun ina firamare. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko ya san yaron ne.

"In san shi? A gidana yake cin abinci!"

Sau ɗaya Dontae ya taɓa cin abu a gidanmu, shi ma a baranda, ragowar kek ɗin bikin wani.

Kafin Laraba mai aski ya fara zana sha huɗu, lambar rigar Dontae, a ƙeyar yara. Mai gidan burodi ta fito da wani biredi mai sunansa. A allon ƙofar coci aka rubuta cewa Ubangiji yana ɗaukaka masu jira. Tsofaffin da suke zaman shan kofi a gidan mai suka gama buga kakar gaba ɗaya a baki, suka ci kowane wasa, suka tura shi kulob ɗin ƙwararru, har suka fara musu a kan irin gidan da zai saya wa uwarsa. Duk wannan a kan mutumin da ba su taɓa ganin ya jefa ƙwallo ba sai a ɗumama jiki.

Ni kuma na tura masa saƙo: "Barka, masoyi. Na ce maka ranarka za ta zo." Sai da yamma ya amso: "Na gode Jay. Abubuwa sun yi yawa." Babu ko 'yar zuciyar nan ja da ya saba liƙawa. Na ce a raina gajiya ce.

Ranar Alhamis Mama ta shigo ɗakina ba sallama, ta zauna a bakin gado tana ninke min kayan da na riga na ninke.

"Ki ce wa ɗana Dontae ya zo cin abinci ranar Lahadi."

"Wane Dontae? Wancan yaron?"

"Kada ki kawo min rashin kunya. Ki saurare ni. Wasan farko saura mako biyu. Da zarar ya ci wasa ɗaya, 'yan matan jihar nan kaf za su sauko masa kamar ƙuda. Zobe nake son gani a yatsanki kafin a busa usur."

"Wendell fa?"

"Wendell yana nan. Su ba sa gaggawa, kowa wurinsu zai je."

Lahadi ta zo. Abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, Mama ta cire ledar da take lulluɓe kujerun falo. Ashe kujerun nan ruwan zuma ne. Aka fito da farantan baƙi masu bakin zinare, waɗanda rabonsu da fitowa tun rasuwar kakata. Soyayyar kaza, makaroni da cuku, dafaffen ganye, burodin masara, shayi mai ƙanƙara cike da tulun gilashi. Ni aka sa ni cikin doguwar riga koriya, launin kulob, wadda ta matse ni har numfashi sai na nemi izini. Gwaggo Bernice, yayar Baba, ta zo tun kafin a tashi daga coci ta yi min farce fari da kore. A yatsan zobe ta fi daɗewa, har da wani ɗan dutse mai ƙyalli ta manna.

"Don idonsa ya san hanya," ta ce.

Dontae ya iso cikin sabuwar rigar kulob, da wata sarƙa a wuya da ban san shi da ita ba. Baba ya tare shi tun daga mota, gwiwa ta warke sarai.

"Shigo, ɗana, shigo! Zauna nan, kujerata ce."

Mama ta tula masa kaza. Ya dubi farantin ya sosa ƙeya.

"Mama, ku yi haƙuri, an hana mu soyayyen abu. Akwai mai tsara mana abinci yanzu."

Na rufe ido ina jiran tashin duniya. Matar nan ta taɓa daina gaisawa da maƙwabciyarmu wata shida saboda ta ce gishiri ya ɗan yi yawa a kazarta. Sai na ji ta ce, "Ayya, ba komai, ɗana," ta jawo farantin ta zauna tana ɓare masa fatar da hannunta.

Ana cikin ci Baba ya ajiye cokali, ya gyara murya.

"Dontae. Tambaya ɗaya zan yi maka, ta tsakanin namiji da namiji. Ka daɗe kana zuwa gidan nan. Mene ne nufinka?"

Mama ta damƙe min cinya ta ƙarƙashin tebur. Gwaggo ta ɗago hannuna na hagu ta shimfiɗa shi kusa da kwanon makaroni.

"Nufinka a kan Delmont nake tambaya," in ji Baba. "In suka toshe maka dama, me za ka yi?"

Mama ta saki cinyata ta bi shi da wani kallo. Shi ko a jikinsa. Ya jawo kwalbar gishiri ya ce ita ce Dontae, cinyoyin kaza su ne 'yan Delmont, burodin masara shi ne alƙalin wasa. Ya yi ta turawa yana ja, har gishiri ya ci Delmont sau huɗu.

"Kuma kada ka kuskura ka jefa ƙwallo a hannun abokan gaba. Garin nan suna yafe sata, suna yafe saki, amma ba sa yafe wannan. Ni a zamanina..."

"Curtis, ci abincinka," in ji Mama. Ta juya wurin Dontae da murmushi. "Ɗana, mai babban aiki yana buƙatar natsuwa. Natsuwa kuwa a gida take."

"Yatsan yarinyar nan ya daɗe yana jin sanyi," in ji Gwaggo, ba kunya ba tsoron Allah.

Dontae ya yi dariyar yaƙe, ya kurɓi shayi. Wayarsa tana kife a kan tebur tana ta zuuu, zuuu, kamar an kulle ƙudan zuma a kwalba. Bai ɗaga ta ba, bai kuma yarda ya juya ta ba.

Da aka gama muka fita baranda muka zauna a kujerar lilo. Ina jin numfashin Gwaggo a bayan labulen taga.

"Jay, akwai maganar da nake son mu yi."

Na miƙe yatsuna a kan gwiwa. Ku yafe min, ni ma 'yar Adam ce.

"Akwai wani mai sayar da motoci da zai sa hotona a allon talla. Shi da masu kula da harkokina sun ce bana ya kamata mutane su ga ƙwallo kaɗai na aura. Kin gane, don hankalin jama'a ya kwanta. To shi ne na ce ko za ki ɗan sauke hotunanmu daga shafinki. Mu ɗan ja baya a idon mutane. Zuwa Disamba kawai."

"Masu kula da harkokinka? Dontae, makon jiya ni na kai ka aski a motata."

"Jay, don Allah."

"Wato an ɗaga ka daga benci, ni za a ajiye a gurbinka."

"Ba haka ba ne! Me ya haɗa mu da hoto? Mu da muke da abin da ya fi hoto." Ya kamo hannuna, bai ma lura da dutsen Gwaggo ba. "Ranar Asabar akwai atisayen da ake buɗe wa jama'a. Ki zo ki dubi hannuna. In kin ga abin ya canza, ki ce na canza."

Na ce zan ba shi amsa bayan Asabar. Gaskiyar magana, na riga na yarda a zuciyata. Na ce mene ne wata huɗu ga wadda ta yi shekara uku? Mama kuwa, da Gwaggo ta kai mata rahoto, ko gezau.

"Ki sauke hoton, hoto ba aure ba ne. Lahadi mai zuwa zan sake gayyato shi, in gayyato Fasto. A gaban Fasto zan ga bakin da zai ce Disamba."

Asabar, rana kamar ta dafa mutum, amma filin ya cika kamar ranar wasan gaske. Atisaye ne fa, Bijimai da Bijimai. Tun a wurin ajiye motoci hayaƙin gashi ya turnuƙe, kowa ya buɗe bayan motarsa yana juya haƙarƙari. Muka hau wurin zamanmu, ni da Mama da Gwaggo, duk cikin kore. Mama tana fifita da maficin kwali na gidan jana'izar su Wendell. Baba bai zauna ba, ya gangara can bakin shinge inda Koci zai fi jin shawararsa.

Dontae ya fito cikin jar riga shi kaɗai. A atisaye haka ake yi wa kwatabak: jar riga tana nufin kada wanda ya taɓa shi. Ƙartin nan masu wuya kamar turmi sai su taho da gudu, su zo dab da shi, su ja birki su wuce. Ya yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Har na ji haushin yadda ya yi kyau.

Jifansa na farko ya tafi tiryan-tiryan ya faɗa hannun mai tsaron baya na ɓangaren abokan karawa.

Filin ya yi tsit. Wani dattijo a bayanmu, wanda aka zana wa jikansa sha huɗu a ƙeya, ya miƙe.

"A mayar da shi ba da hannu!"

"Na faɗa muku, Koci ya yi gaggawa," in ji wata.

Na hango Baba ya juya wa fili baya yana yi wa na kusa da shi bayani, da hannu da ka, irin na wanda bai taɓa ganin yaron ba. Ba a jima ba Dontae ya ja da baya ya saki wata ƙwallo, ta yi sama kamar ba za ta sauko ba, ta sauka a hannun mai kamawa can ƙarshen fili. Ihu ya tashi. Dattijon nan ya rungume ni ba tare da ya san ni ba. Muryar Baba ta keto duk hayaniyar:

"Surukina ne! Surukina ne wannan!"

Sai Dontae ya cire hular kwano. Ya juyo wajenmu. Ya ja kunne sau ɗaya. Ya daki ƙirji sau biyu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dafa ƙirji, hawaye ya cika min ido. Na ce a raina ku kwashe hotunan duka, ku kai Disamba ta baɗi in kun so.

"Zauna," in ji Mama.

"Mama, ba ki gane ba ne, wannan..."

"Kunne, na ji ki. Ƙirji, kina nan ciki. Mutum dubu nawa za su gani, ke kaɗai za ki fahimta." Ko kallona ba ta yi ba, tana ta fifitarta. "Zauna, Jalisa, kina tare wa mutane."

Na zauna.

"Wa ya gaya miki?"

Ta nuna bakin shinge da maficin. Baba yana can ya hau ƙarfe ɗaya, riga ta ɗage ta bar tumbi a waje, yana koya wa Koci aikinsa.

"Baba? Ai Baba wasa ya buga. Gwiwarsa..."

Gwaggo ta fashe da dariya har tana ƙwarewa.

"Gwiwa? A matattakalar gidanmu ya gurɗe ta yana gudun kare! Ƙanena ne, ina son abina, amma ƙafarsa ba ta taɓa tsallake farin layin can ba. Shekara huɗu yana ba da hannu."

"Gadon abin suke yi," in ji Mama. "Na sama ya koya wa na ƙasa, kamar yadda suke bar wa juna akwatin ajiye kaya. Duk wanda aka tsayar a gefen fili sai an koya masa kunne da ƙirji. Me kike so su yi da hannun da ba mai karantawa?"

Wato shi ya sa tsakin nan. Shi ya sa "wancan yaron." Shekara uku uwata tana kallona ina miƙewa, ta san abin da nake miƙe wa, ba ta ce uffan ba. Abin ya yi min ciwo, ciwon da har yanzu da nake rubuta muku bai sake ni ba. Na yi ƙoƙarin lallashin kaina. Na ce to mene ne, ko zobe ma ai wani ne ya ƙera shi, ba ango ba. In aron alamar ya yi, ni dai ya yi wa.

Kamar ta ji ni, Mama ta rage murya.

"A shekarar da nake miƙe wa ubanki, mu uku ne muke miƙewa."

"Uku? To me kika yi?"

"Na fi su haƙuri. Ɗaya ta koma Memphis, ɗaya ta auri soja. Ni na rage."

Na dubi Baba. A daidai lokacin wani ma'aikacin fili yake roƙonsa ya sauko daga kan shinge.

"Shi ne kofin da kika ci, Mama?"

"Ki iya bakinki. Naki ma ya fi nawa, shi an sa shi a wasa. Don haka ki natsu, ki kalli gabanki, ki bar ni da Fasto mu yi aikinmu. Abu ɗaya zan gaya miki: kada ki waiga."

To ku fa, in an ce muku kada ku waiga?

Tana can sama da mu kaɗan, ta ɓangaren hagu, inda duk wanda ya kalli wajenmu daga fili ita ma ya kalle ta. Doguwa, cikin riga ruwan ƙwai, kitsonta har gadon baya. Kowa ya zauna, ita tana tsaye. Hannunta a kan ƙirji, tana murmushi tana share ido da bayan ɗaya hannun. Na san murmushin nan. Nawa ne.

Aka busa hutun shan ruwa. Ba a daɗe ba wayata ta yi motsi, saƙon Dontae ne.

"Kin gani? Naki ne, ke kaɗai."

Na ɗaga kai. Mai ruwan ƙwai ta sunkuya tana duba tata wayar, murmushin ya ƙara faɗi.

Na miƙe. Mama ta riƙo gefen rigata, na zame. Matsattsiyar riga, dogon takalmi, rana, haka na hau matattakalar nan mutane suna janye ƙafa. Na isa na tsaya a gabanta.

"Sannu. Kunne ɗaya, ƙirji biyu?"

Murmushin ya ɗauke. "Ya aka yi kika sani?"

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Wai ke wace ce?"

"An ce ki sauke hotuna zuwa Disamba?"

Ta dubi farcena fari da kore, ta dubi ɗan dutsen Gwaggo, ta dubi wayar da ke hannuna. Na juya mata fuskar wayar. Ta karanta, ta juyo min tata. Ko waƙafi bai canza ba. Na zo ne da niyyar in tsane ta, sai na ga leɓenta yana rawa irin yadda nawa yake yi.

"Ya sunanki?"

"Brielle."

"Brielle, kina cin soyayyar kaza?"

"Me?"

"Gobe bayan coci. Layin Coci, gida mai koren baranda. Za a yi baƙi, har da Fasto. Ki sa wannan rigar, ta yi miki kyau."

Ta share ido ta gyaɗa kai.

Ina saukowa na tsaya na rubuta masa amsa: "Na gani. Gobe za ka ji tawa. Ka taho da jar rigar nan, za ta yi maka amfani." Nan take ya turo min fuskar dariya, da 'yar zuciyar nan ja da na yi kwanaki ina jira.

Na koma na zauna tsakanin Mama da Gwaggo. A ƙasa an dawo fili, jama'a suna ta kiran sunansa, Baba yana ba da amshi.

"Mama, gobe ki ƙara faranti ɗaya."

Na shirya wa faɗa. Na shirya wa jin cewa na zubar da arzikina da ƙafata, na kunyata gida, Wendell ma ya fi ƙarfina yanzu. Amma faɗan bai zo ba. Mafici ya tsaya a hannunta. Ta waiga a hankali, ita da ta hana ni waige, ta dubi matattakalar da na hau, tun daga inda muke har inda mai ruwan ƙwai take zaune. Sannan ta dubi mijinta a bakin shinge.

"Ni ban taɓa hawa ba," ta ce, kamar ba da ni take ba.

Ta ci gaba da fifita.

"Ki ce mata ta zo da wuri. Kusa da Fasto zan zaunar da ita. Kuma gobe, da fatarta zai ci kazar nan."